Ragon Tarbar Zubair

Alhaji Bakari ya wurga ƙwallon dabino sama, ya doke shi da cokalin shayi tun kafin ya faɗo.

"Kin gani, Hajja? Haka ake yi wa makamai masu linzamin nan. Cikin goma, tara a sama ake kakkaɓo su."

Abokansa uku da ke zaure suka gyaɗa kai. Hajja Rakiya tana durƙushe a bakin tabarma, takaici ya cika ta. Mutumin da ko kaza ta yi tsalle sai ya zabura, tunda yaƙi ya ɓarke a ƙasashen Larabawa ya zama janar ɗin unguwarsu ta Sabangali, a waya ya yi duk karatun sojansa. Amma shi ne wan marigayi mijinta, kuma ɗanta Waliyyullahi shagon Alhajin yake tsarewa a can, tare da Zubair ɗan Alhajin, dab da tashar jiragen ruwa. Yaron ba zai taho ba sai Baba ya ce taho.

"Yaya, ɗayan da ya rage cikin goman fa? A ina yake sauka?"

"A hamada mana! Ke dai mace ce."

"Jiya Waliyyu ya ce mini jiniya ba ta daina kuka ba. Ya ce kowane ɓangare ya rantse sai ya rama, kuma masu kakkaɓowar ma ƙarewa suke yi."

"Kalas, Hajja, magana ta ƙare! Ba komai. Namiji ba ya barin wurin sana'arsa don jiniya."

Ya sake wurga wani ƙwallon. Wannan karon cokali ya kuskure, ƙwallon ya faɗa cikin kofinsa, shayi ya fallatsa masa a gaban riga. Ba wanda ya yi dariya, duk ’yan abin da za a ci ne.

Ta tashi ta shiga cikin gida don ta gaida matarsa, Goggo Shatu. A tsakar gida ta tarar da ƙaton farin rago a ɗaure, ga mata suna tsince shinkafa, ga sabuwar darduma an shimfiɗa a ɗakin samari.

"Goggo, suna za a yi ban ji ba?"

Goggo Shatu ba ta iya ƙarya ba, shi ne kawai laifinta a gidan nan. Ta sunkuyar da kai.

"Zubair ne zai sauka gobe. Alhaji ya ce ya fito tun shekaranjiya, kafin a rufe filin jirgi. Na ɗauka kin sani, wallahi."

"An rufe?"

"Yau da safe."

Hajja Rakiya ta tsaya tana kallon ragon yana tauna harawa. Ba ta yi kuka ba. Raini ne ya taso mata, irin wanda ba ta taɓa ji ga wani ɗan Adam ba. Ashe janar ya san inda ɗayan yake sauka, shi ya sa ya zaɓi wanda zai tsaya a ƙarƙashinsa.

Ta koma zaure ba sallama. Alhaji yana tsakiyar bayanin yadda garkuwa ta lulluɓe birnin gaba ɗaya. A tsaye ta kira lambar ɗanta, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ta daɗe tana ƙara kafin aka ɗauka.

"Inna?"

"Waliyyu, ka nemi mota yanzu, kowace iri ce, ka nufi iyaka. Ni na ce."

"To shagon Baba fa?"

Alhaji Bakari ya miƙe, cokali a hannu. "Hajja! Kayan da ke ciki..."

Ta dube shi daga hula har zuwa tabon shayin da ke rigarsa.

"Ko kulle shi kada ka tsaya yi," in ji ta. "Babanka ya ce akwai garkuwa."