Kusurwar Ƙyallen Youa

Tun ranar da likita ya gaya wa Youa Thao cewa yanar da ke idonta na hagu ta fara tsallakawa na dama, ta san ƙyallen da ke hannunta shi ne na ƙarshe. Ba ta yi kuka ba. Kujerarta kawai ta ja zuwa bakin taga, inda hasken safiya ke faɗowa ta kan gonar kabeji, ta ƙara wa allura sauri.

Ƙyalle ne shuɗi, ya fi bargon gado faɗi, irin wanda matan ƙabilarsu ta Hmong ke ɗinka labari a kai da zare kala-kala. A da mijinta Tong Pao ne ke zana mutane da alli, ita kuma ta bi da allura, don haka aka saba: namiji ya zana, mace ta cike. Da ya rasu sai ta ɗauki allin da kanta. Mutanen da ta zana sun fito da manyan kawuna da gajerun ƙafafu, amma kowa ya gan su ya san ko su waye.

Ga ta nan a cikin akori-kura ranar da ta ci jarrabawar tuƙi, mai jarrabawar ya riƙe ƙofa da hannu biyu. Ga rumfarta a kasuwar Asabar ta Hobart, babban birnin tsibirin Tasmaniya, albasa da karas sun yi tsibi. Ga walabi uku, dabbobin dajin nan masu tsalle da ƙafafun baya, sun tsallake shinge suna cin latas, tana binsu da tsintsiya. Ga maƙwabcinsu Dennis da jan gemunsa, ranar da suka yi faɗa a kan zakara, ga shi kuma can gaba yana ɗauke da akwatin gawar Tong Pao tare da 'ya'yanta maza. Shi kansa Tong Pao yana tsakiya, yana barci baki buɗe a gaban talabijin, ana wasan kurket ɗin da ya mutu bai gane kansa ba. Kusurwa ɗaya ce ta rage ba komai, ta sama a hannun hagu.

Jikarta Pakou, wadda ke aiki a wani gidan baje kolin zane kusa da tashar jiragen ruwa, ita ta kawo labari. Za a yi bajen ayyukan 'yan asalin Asiya da ke zaune a Tasmaniya, kuma an ware bango guda sukutum ga 'yan Hmong. Youa ba ta nuna zumuɗi ba, amma a ranta ta riga ta ga Tong Pao yana barcinsa a jikin bangon nan, duk garin na wucewa ta gabansa. Abin da take so ke nan kafin idon ya rufe.

Shugabar bajen, wata Baturiya mai suna Meredith, ta zo gida da kanta, da jan tabarau da koren gyale a wuya. Mace ce mai kirki, ta cire takalmi ba a ce ta cire ba. Aka shimfiɗa ƙyallen a kan teburin cin abinci, ta zagaya shi tana dafe da ƙirji.

"Abin sha'awa," in ji ta. Ta sake zagayawa. "Amma ina tafiyar? Ina kogin?"

Pakou ta juya ga kakarta da harshen gida. "Ta ce ya yi kyau ƙwarai, Kaka. Tana tambaya ko akwai ƙari."

Youa ta yi shekaru sama da talatin tana ciniki da Turanci a kasuwa. Ta ji kogi sarai. Amma ta lura tun tuni cewa baƙi sun fi sakin baki in suna zaton tsohuwa ba ta ji, sai ta yi shiru ta gyaɗa kai.

Meredith ta yi bayani a hankali. Masu zuwa kallo sun san irin wannan ɗinki, in ji ta. Sun san ƙauye yana cin wuta, jirage masu saukar ungulu, sojoji, mutane cikin baƙaƙen kaya suna tsallaka kogin Mekong da goyo a baya, suna gudun yaƙi. Wannan shi ne gadon Hmong, kuma bangon nan na gado ne. In Youa za ta cike kusurwar da ta rage da wannan tafiya, to madalla. In ba hali, akwai wani mutum a garin Launceston da ke da tsohon ƙyalle irin na ainihi, za a aro a rataya a maimakon wannan.

Da motar Meredith ta fice, Youa ta dubi jikarta.

"Ke, 'yar nan, a makarantar taku har da darasin rage wa magana gishiri?"

"Haba Kaka, ba na so ranki ya ɓaci ne."

"Na ainihi, ta ce. Je ki Launceston ɗin ki juya bayan ƙyallen, in ba ki ga ƙullin zarena ba, ki ga na Plia ko na matar Cher. Layinmu ɗaya a sansani."

Pakou ta zauna a hannun kujera. "To ai gadonmu ne, ko ba haka ba?"

"Gado? Na girme shi." Youa ta buga tebur da yatsa. "Uwata ba ta taɓa ɗinka mutum ba. Adon zare take yi, siffar gidan katantanwa, da sawun giwa, da tsaunuka. Sai da muka zauna a sansanin gudun hijira a Tailan, ba gona, ba aiki, baƙi suna zuwa da kyamara, aka gano abin da suke so. Kakanki ya zana kogi, ni in cike. Wanda ya fi jan zare na jini da wuta shi ake fara saye. Na ɗinka kogin nan har ina iya yinsa ido rufe, kuma da shi na ciyar da ubanki. Ban ji kunya ba, ba kuma zan ji ba. Amma na gama."

"Ai kin tsallaka shi da gaske, Kaka."

"Na tsallaka. Ƙanwata ba ta tsallaka ba. Wannan tsakanina da ita ne, ba na masu riƙe da kofin giya suna girgiza kai ba."

Pakou ta dubi ƙyallen. Can ta ce, a hankali, "In ba kogi, ba za ta rataya shi ba. Na san ta. Kusurwa ɗaya ce fa, Kaka. Kaka Tong Pao zai hau bango, zakaran Dennis ma zai hau."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon shuɗin da ba komai a kansa. Sai wani abu ya motsa a gefen bakinta.

"Kogi take so? To. Miƙo min alli."

Da Pakou ta san kakarta kamar yadda take zato, da saurin yardar nan ya tsorata ta.

Youa ta yi aikin da rana kawai, don idon ba ya ɗaukar fitila. Ta aiki surukarta gari ta sayo zare ruwan hoda da rawaya da ƙananan duwatsun ado shuɗaye masu yawa. In Pakou ta leƙo sai ta yafa tawul a kan kusurwar, ta ce, "Ba a kallon tuwo kafin a kwashe, je ki." Lokacin da ta ƙulle zaren ƙarshe ana saura 'yan kwanaki a buɗe bajen.

Ita ta tuƙo akori-kurar da kanta har ƙofar gidan baje kolin, da takalmin roba na gona a ƙafarta. A ciki an riga an rataya kayan sauran mutane, bangonta ne kaɗai fari fat, ga tsani jingine. Aka warware ƙyallen a kan dogon tebur. Meredith ta nufi kusurwar kai tsaye.

Kogin yana nan. Da wutar, da jiragen, da masu gudu, ba abin da aka rage. Sai dai duka bai fi tafin hannu ba, don ƙyalle ne a cikin ƙyalle, yana kan cinyar wata mata mai babban kai da ke zaune a ƙofar bukka da allura a hannu. A gabanta ga layin masu saye. Dukansu fuska ɗaya: fata ruwan hoda, dogon hanci, gashi rawaya, idanu na shuɗin dutse, kowa da kyamara a wuya, hannu a ƙirji, da ɗigon hawaye guda a kumatun hagu. Layin ya fita daga sansani, ya bi gefen ƙyallen ya gangaro, ya ratsa teku, ya iso har ƙofar gidan gona. Ta ƙarshe a layin tana da jan tabarau da koren gyale.

Pakou ta rufe baki da hannu.

Meredith ta daɗe a sunkuye. Wuyanta ya yi ja har kunne. "Duk fuskarsu ɗaya," in ji ta.

Youa ta amsa da harshen gida. "Gaya mata haka suke a idona lokacin. Na yi shekaru kafin in iya raba wannan da wancan."

Pakou ta buɗe baki, ta dubi shugabarta, ta dubi kakarta. Sai ta faɗi maganar yadda take, ba ta rage ko ƙwayar gishiri ba.

"Ni ba haka nake ba," in ji Meredith. "Na yi rayuwata ina ƙoƙarin a ji muryar mutane irinku. Wannan ba adalci ba ne."

"Ba daɗi, ko?" Wannan karon Youa da Turanci ta yi magana, Turancin kasuwa mai kaifi, Meredith ta ɗago da sauri. "Wancan na Launceston da kike so, kin ƙirga fuska nawa ke ciki? Ɗaya ce. Baƙar riga, baki buɗe, ana gudu. Ni na ɗinka, na sani. An rataya shi a falo shekara da shekaru, ban ji wanda ya ce ba adalci ba."

Ta kama hannun rigar Meredith ta ja ta zuwa tsakiyar teburin. "Dubi nan. Wannan Bature ne, Dennis. Kin ga gemunsa, kin ga kunnen da ya fi ɗaya girma. Wannan mai jarrabawar tuƙi ne, har tsoron da ke idonsa na sa. Su na san su. Ke kin zo gidana sau ɗaya, kika duba rayuwata kaf, kika ce ina kogi."

Meredith ta cire tabarau ta goge da bakin gyale. Da ta yi magana, muryarta ta sauka. Za a iya naɗe gefen nan ta baya, in ji ta, daidai inda layin ya gangaro. Kogin zai fito, matar da ke ɗinki za ta fito, sauran ba sai an gani ba. Akwai masu ba gidan nan taimako da suka sayi irin waɗannan ƙyallaye da zuciya ɗaya, za su ji an ci musu fuska.

Youa ta kama bakin ƙyallen ta fara naɗewa. Ta san abin da take naɗewa: walabi sun shige, rumfar kasuwa ta shige, saura kaɗan Tong Pao ya shige, kuma ba wani bango da ke jiransa a ko'ina.

"Ko duka, ko babu," ta ce. "Zai yi kyau a kan gadona."

Pakou ta zagayo ta kama ɗaya bakin. Youa ta zaci taya ta naɗi za ta yi. Sai yarinyar ta ja, ƙyallen ya warware, ta rungumi kusurwar sama ta nufi tsani.

"Pakou," in ji Meredith.

"In kina son na Launceston, ki aiki wani," in ji Pakou daga mataki na uku, ba ta sauko ba. "Kuma ki sani shi ma nata ne. In an tambaye ni me ya sa aka rataya wanda ta yi don yunwa aka mayar da wanda ta yi don kanta, zan faɗa."

Meredith ta dubi farin bangon, ta dubi ƙaramar mai jan tabarau da ke lilo a hannun Pakou. Sai wata dariya ta kufce mata, gajeriya, ba ta jin daɗi ba.

"Hancin ma ai ya yi yawa," ta ce. Ta taka ta riƙe ƙafar tsanin. "Ɗaga hagu, ya karkace."

Da ƙyallen ya miƙe a bango, Youa ta ja da baya har tsakiyar ɗakin. Daga nan ba ta iya ganin zare, sai dishi-dishi, amma ta san inda kowa yake. Tong Pao na barci a daidai tsayin idon mai wucewa.

Meredith ta matso kusa da ita. "In har zan zauna a bangon nan wata uku, ba za ki ba ni fuskata ba?"

"Ki zo cirar albasa in rani ya shigo. In na ga yadda kike in bayanki ya ƙage, sai in san wace fuska zan ba ki. In idon ya kai."

"Ranar buɗewa fa? Asabar ce. Mun so ki zo da kayan gargajiya, da sarƙar azurfa irin taku."

Youa ta laluba aljihu ta fito da makullin mota.

"Asabar ina kasuwa," ta ce. "Mai son ganina ya zo ya sayi kabeji."