Mutumin da Ya Waiwaya a Hoto

Motar ta sake faɗawa rami, jakar kayan aski ta yi tsalle a cinyarsa, ya danne ta da hannu biyu. Matarsa ko gezau. Ta jingina da taga, ta ƙura wa hoton nan ido kamar yau ta fara ganinsa.

Shi kam ya haddace hoton. Maza ne a jere gaban wata ƙofa, kowa ya ƙame, sai mutum ɗaya a gefe da ya waiwaya daidai lokacin da aka ɗauka, fuskarsa ta zama kamar hayaƙi. Kakanta ke nan, wanda ya rasu tun mahaifinta yana goye. Ba shi da wani hoto a duniya sai wannan, kuma babu wanda ya san abin da ya juya da shi.

Daga nan abin ya faro. Da tambayar goggonninta ta soma, sai ta koma ɗaukar muryoyinsu a waya. Kafin ya ankara bangon falo ya cika da fuskokin mutanen da ba su taɓa shan ruwan gidansa ba, ta haɗa su da jan zaren keken ɗinkinta, wane ya haifi wane. Zaren yana gangarowa har kan hoton aurensu, a nan ya tsaya, guntunsa na lilo idan fanka ta kaɗa. Allah bai ba su haihuwa ba, sun kuma daɗe da daina zancen. Ya fahimci abin da ya sa take ta hawa sama wajen kakanni, amma fahimtar ba ta rage masa komai ba. Sai ya dawo daga shago da labarai cike da baki, ta ce "uhm" idonta na bango. Kewar matarsa yake ji alhali ga ta kusa da shi, kuma abin kunya ne namiji ya ce yana kishi da matattu. Yau dai ya ƙudura, da sun koma gida zai ce a sauke hotunan nan.

"Malamar tarihi," ya ce, "in ba ki farka ba za mu wuce asibitin."

"Ka tabbata ka ɗauko almakashi? Kaka ba ya son ƙarar inji."

"Ni za ki koya wa aski?"

Wanda take kira Kaka ƙanin kakanta ne, shi kaɗai ya rage cikin mazan hoton. Suka same shi a gadon ƙarshe kusa da taga, gashi ya rufe masa kunne, gemu ya cukurkuɗe. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye waya a kan matashi, ta ɗaga hoton saitin idonsa.

"Kaka, ka gane ni? Dubi nan. Wannan Yayanka ne ko? Me yake kallo?"

Tsohon ya bi silin da ido. Ta sake tambaya, ta sassauta murya, ta ɗaga murya, ta jero masa sunayen duk mutanen gidansu. Ko ƙifta mata ido bai yi ba.

"Kwana biyun nan ba ya magana, baiwar Allah," in ji wata nas da ke wucewa. "Gara ki sauka ƙasa ki karɓo masa maganin nan, layin da tsawo."

Ta ɗauki wayarta ta fita, kafaɗunta a sauke.

Mijin nata, mai aski, ya ɗaga kan gadon, ya ɗaura wa tsohon zane a wuya. Yana da tsarinsa tun yana koyo: a bayan mutum yake tsayawa, kuma ba ya tambayar kowa komai. Ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi daga fulas, ya lulluɓe kan tsohon, ya bar shi ya ɗan jiƙu. Sannan almakashi ya fara, ƙyas, ƙyas, farin gashi na zuba a kan zane. Rana ta ratso labule ta kwanta a gadon. Can wani wuri famfo na ɗiga, wani maras lafiya na minshari, ɗakin ya yi tsit har ya ji kamar shi ma barci yake a tsaye.

"Yaya," in ji tsohon, idonsa a rufe. "A hankali wajen kunnen nan. Kullum nan kake yanka ni."

Almakashin ya tsaya. Kamata ya yi ya ce, a'a Kaka, mijin jikarka ne. Sai ya ji bakinsa ya ce, "To."

"Hannunka bai canja ba. Har yanzu sanyi gare shi." Tsohon ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Kana tuna faɗan da Baba ya yi maka kan hoton nan?"

"Uhm."

"Mai hoto ya ce kada wanda ya motsa, ko ƙuda ya sauka a hancinsa. Ina gefenka, wuyana har ya sage. Sai ga amaryarka ta leƙo ta ƙaramar ƙofa, hannunta duk kumfa, wai so take ta ga yadda ake yi. Ta gan mu a sandare, dariya ta ƙwace mata. Kowa ya ji, kowa ya daure. Kai kuwa ka juya."

Mai aski ya ci gaba da aiki, amma ba ya ganin bangon asibiti. Ƙofar nan yake gani, da inuwar bishiya a ƙasa, da wata yarinya mai kumfa a hannu tana toshe baki. Fuskar matarsa ya ba ta, don ita ce fuskar da yake da ita.

"Baba ya ce ka ɓata hoton da jikoki za su gani. Ka sunkuyar da kai ka ce, Baba, ai mai hoto yana nan tsaye, ita kuwa yanzu za ta koma ciki." Tsohon ya girgiza kai a hankali. "Mara kunya. Wallahi Yaya kai mara kunya ne."

Daga nan ya ci gaba, labari na jawo labari: yadda Yaya yake tsoron kaji, yadda yake feɗuwa da baki in yana wanke keke, da ranar da ya koya wa amaryar hawansa a bayan gida suka faɗa cikin shanya. Muryar ta riƙa yin ƙasa. Kafin a gama gyara gemu barci ya ɗauke shi, bakinsa a ɗan buɗe, fuskarsa fes.

Da ta dawo da magani ta tsaya tana kallonsa.

"Ya yi kyau. Ya ce wani abu?"

Nas na tsaye tana duba ruwan da ake ƙara masa. Mai aski ya sunkuya yana kakkaɓe zane, ya ce, "Mu je, kada mu tashe shi."

A motar komawa ba ta ciro hoton ba. Sun yi nisa kafin ta yi magana, fuskarta na taga.

"Shi ke nan. Shi ne na ƙarshe, ga shi ya rufe baki. Gobe zan sauke hotunan nan, ka huta. Na san sun ishe ka."

Ga abin da ya fito gida yana nema, an miƙo masa ba tare da ya buɗe baki ba. In ya yi shiru, gobe bangonsa zai koma fari, babu kuma wanda zai taɓa sani. Ya dubi gefen fuskarta, ya ga yadda ta cije leɓe. Tausayinta ya kama shi, son ta ya kama shi, har ya ji haushin kansa.

"Kakanki," ya ce, "tsoron kaji yake."

Ta ɗan waiwayo. "Me ka ce?"

"Kuma ba banza ya waiwaya ba. Kakarki ce ta leƙo, hannunta duk kumfa."

Hannunta ya zarce cikin jaka wajen waya. Ya ga yatsunta sun kama ta, ya ga sun sake ta. Ta baro tagar, ta juyo gaba ɗaya ta fuskance shi, gwiwarta ta taɓa tasa, tana yi masa irin kallon da ya manta rabonsa da shi.

"Tun daga farko," ta ce. "Kada ka tsallake komai."

Ta bayan kafaɗarta ya hango kwanar gidansu tana wucewa. Kwandasta ya buga jikin mota yana tambayar akwai mai sauka. Mai aski ya gyara zaman jakar a cinyarsa, ya fara da tawul da ruwan ɗumi.