A Ƙasa Ake Ɗaurewa

Auta ya sauke jak a hankali har tayar gaba ta taɓa ƙasa, ya ja da baya yana goge hannu da tsumma. Sai ya ga hancin jif ɗin ya ɗaga sama kamar akuya ta hango ganye. Tsayuwar ba ta kwanta masa ba, amma ya ce wa ransa ai sabon kaya ne, zai zauna.

Tun gari bai gama wayewa ba yake ƙarƙashin motar. Ya cire shokazoba biyu na gaba masu shanye girgiza, waɗanda mansu ya tsiyaye tun bara, ya sa sababbi. Su kuwa bushin, robobin nan da ke gaɓoɓin ƙafar mota don kada ƙarfe ya ci ƙarfe, sai da ya haɗa musu da wuta da guduma kafin tsofaffin su yarda su fito. Ba ma aikinsa ba ne. Shi mai wayarin ne, kawo masa fitila ko batir ka sha mamaki. Ƙafar mota fannin Baba ne, kuma Baban ne kwance a asibiti, an yi masa aiki a ƙashin baya.

Ƙarfe uku za a sallame shi, don akwai mai jiran gadon. Likita ya ja musu kunne sosai: ban da girgiza, ban da faɗawa rami, in ba haka ba ƙusoshin da aka sa masa za su iya motsawa, a sake yanka shi. Gida kuma tafiyar awa biyu ce bayan kwalta ta ƙare, hanyar duwatsu da zaizayar ruwa, wadda ƙaramar mota ba ta ko gwadawa. Direban motar asibiti ya ce shi iyakarsa kwalta. Saura tsohuwar jif ɗin nan ta Baba, wadda ta girmi duk 'ya'yan Auta.

Ya shiga ya tayar da ita don gwaji. A bakin gareji akwai wata kwata da kowa ke tsallakewa ba tunani. Yana hawa kwatar, motar ta doka, haƙoransa suka haɗu, gabanta ya yi wani ƙiii kamar tsohuwar ƙofa. Ya koma da baya ya sake hawa. Haka dai. Wallahi da tsofaffin kayan ma ta fi haka laushi.

Tsoro ya kama shi. Ya duba agogo, sha biyu da rabi.

Nan da nan maƙwabta suka zama likitoci. Mai walda, wanda ake ce wa Tanki saboda girman jiki, ya rantse jabun kaya aka sayar masa. Mai faci ya ce iska ce ta yi yawa, don shi a wurinsa ko ciwon kai iska ce ta yi yawa. Ya rage iskar, ba abin da ya canza. Auta ya sake shiga ƙasa ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure tamau, ya ma ƙara musu matsi don haushi.

Yana nan kwance waya ta yi ƙara. Yaya ce daga asibiti, tana tambaya ko ya taso. Ya ce mata saura kaɗan. Ta ce ita fa ta goya shi, ta san muryarsa in yana ƙarya. Sai ya sassauta murya ya faɗa mata gaskiya, ya roƙe ta don Allah kada Baba ya ji.

Bai san ta buɗe muryar wayar ba.

"Kai Auta," in ji Baba. Muryar ta shaƙe, amma faɗan yana nan inda yake. "Kai wayar kusa da taya, a danna mini gaban motar."

Shekararsa arba'in da biyu, yana da 'ya mai shirin shiga jami'a, amma da gudu ya kai wayar. Tanki ya dafa bonet ya danna sau uku. Ƙiii, ƙiii, ƙiii. A can aka jiyo ƙarar takalman wata nas.

"A sama ka ɗaure ko a ƙasa?"

Auta ya ce bai gane ba.

"Da ka matse notunan bushin, motar tana kan jak ko tana kan ƙafarta?"

"Tana kan jak, Baba."

Tsakin da Baba ya ja, har mai faci sai da ya ji. Ya ce shekara nawa yaron nan ya yi yana miƙo masa sifana, ashe idonsa na kan titi. Ya ce in mota tana rataye ƙafarta a sake take, ka matse roba a haka, tana sauka robar za ta murɗe, ta yi ta kuka a murɗe har ta yage. Kayan ba su da laifi, mai ɗaurin ne. A kwance notunan, a tura motar gaba da baya ta zauna da kanta, a ɗora mata nauyin da za ta ɗauka, sannan a ɗaure tana tsaye.

Auta ya zauna daɓas a kan wata tsohuwar taya. Daɗi ya kama shi. Bai taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

"Mai faci ya zauna a wurin direba," Baba ya ci gaba. "Tanki kuma ya zauna a kujerar uwarku."

Daga can aka jiyo Inna tana tambaya ko ita ce za a auna da Tanki, bayan duk kwanakin da ta yi tana jinya a kan kujerar roba. Baba ya ce shi lissafi yake yi, har da jakunkunanta. Yaya ta kashe wayar tana dariya.

Haka aka yi. Aka tura motar kan ramin gareji, Auta ya sauka ciki ya kwance notunan. Yana kwance noti na biyu sai ya ji robar ta saki, gaban motar ya sauko kamar mai ajiyar zuciya. Tanki ya hau ya kame a kujerar gaba yana cewa a yi sauri, shi matar aure ce, yana da girki a wuta. Mai faci ya riƙe sitiyari yana ta latsa hon ba dalili. Auta ya ɗaure noti huɗu, gumi na shiga masa ido.

Da ya sake hawa kwatar, sai da ya leƙa ta taga don ya tabbata ya hau ta.

Uku da kwata aka fito da Baba. An kwantar da kujerun baya, an shimfiɗa katifa, an tokare gefe da gefe da matasai. Kafin a shigar da shi ya sa masu turo gadon su tsaya, ya daɗe yana kallon tazarar da ke tsakanin taya da jikin mota. Sannan ya ɗaga yatsa a ci gaba.

A kan kwalta lafiya lau. Da suka sauka hanyar duwatsu Auta ya sa giya ta biyu, ya riƙe sitiyari har yatsunsa suka sage. Baba na kwance yana kallon rufi, amma shi ke tuƙin: bi hagu, akwai dutse bayan bishiyar nan, kada ka taka birki a cikin rami, ka bar ta ta sauka da kanta. Motar tana lotsawa tana tasowa a hankali, ba kuka, ba duka. Duk ramin da suka wuce sai Auta ya tambayi Yaya ko ya ji zafi, har ta ce ya ƙyale ta haka nan ya kalli gabansa.

Bayan sun haye busasshen rafi, umarni ya ɗauke. Suka wuce wani rami, shiru. Suka wuce wani. Auta ya kasa ko duba madubi.

"Yaya, duba shi."

Kafin ta amsa sai ga minshari, mai kauri, a natse.

Inna ta juya ta daɗe tana kallon mijinta, sannan ta gyara zama. "Tun da na aure shi," ta ce, "ban taɓa ganin ya yi barci a motar da wani ke tuƙawa ba."

Rana na shirin faɗuwa suka isa. Jikoki da maƙwabta suka yo waje da murna, Inna ta ɗaga musu hannu ta taga, kowa ya yi tsit. Auta ya tsaya a ƙofar gida, ya kai hannu zai kashe motar, sai ya tuna shirun inji zai iya tashin Baba. Ya janye hannun, ya jingina da kujera, ya bar ta tana aiki.