Farin Shafe a Kaskon Baba Iro

Da mahaifin Habibu ya rasu, ƙanen marigayin, Baba Iro, ya riƙe rumfar ƙirar tukwane da ke Tamaske, ya ce da yaron ya nemi wata sana'a. Habibu ya tafi biɗa Abijan da takaici a cikinsa.

Can ya samu aiki a wani izin, wato masana'anta, inda ake fesa wa ƙarafa farin gari mai kama da yumɓu don kada wuta ta ci su. Da kwamfireso ake fesawa, shafe siriri kamar fatar albasa, a bar shi ya bushe, a gasa, sannan a ƙara wani a kai. In aka yi gaggawa aka lafta da kauri, wuta na taɓa shi sai ya tsage.

Da ya dawo gida da garin da abin feshi, maƙera tun daga Keita har Deule suka riƙa kawo masa kaskon narka alminiyo yana fesa masu. Kaskon da a da yake hujewa cikin wata guda, yanzu sai ya kai kaka.

Baba Iro ya daure, ya daure, daga baya dai ya zo.

"Ɗana, ba ni son hweshi. Garin kaɗai za ka ba ni, in shahwa da hannuna."

Habibu ya gane kunyar a ga kaskonsa a nan tsohon yake ji. Ya auna masa garin.

"Mi ag gwargwado?" in ji tsohon.

"Ka labta mishi sosai, Baba. Kak ka yi rowa."

Ana gobe kasuwa, kaskon na cike da narkakken alminiyo, shafen ya tsage ya zube, gindin ya huje. Ruwan ƙarfe ya malale ƙasa, ya kama zanar rumfa, ya ci ƙafar Baba Iro ta hagu. Aka ɗauke shi a moto, wato babur, zuwa likita.

Da la'asar Sabuwa, yayar Habibu, ta same shi yana wanke bakin abin feshi.

"Kai ka gaya mishi hakanan?"

"Shi ya tambaya."

"An ce yatsu biyu za a yanke. Tashi mu tai mu gaishe shi."

Habibu ya hura bakin ƙarfen, ya ɗaga shi ya leƙa cikin ramin.

"Ki tahi ke," ya ce. "Ki ce mishi ina aiki."