Shekarar da Lawwali Ya Hana Inna Tuwo

Shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka sauka, ma'aikatan Kaduna suka sayi babura, suka sayi rediyo mai kaset, suka kuma ajiye tumbi. Lawwali na cikinsu. Akawu ne a wata ma'aikata, ɗan Ruwan Godiya da ya taso yana noma da galma, sai ga shi in ya sunkuya ɗaura igiyar takalmi yana haki. Wani abokin aikinsa da ya dawo kwas daga Ingila ya ba shi sirri: ya bar tuwo, ya bar shinkafa da burodi da fura, ya kama nama da ƙwai da ganye. Wata uku tumbin ya zube. Tun daga ranar Lawwali ya zama likitan da ba wanda ya ba takarda, kowa ya gani da ƙiba sai ya tsare shi da wa'azi.

A wannan shekarar ya biya wa mahaifiyarsa, Inna Baraka, kujerar Makka. Tun yana yaro yake jin ta tana cewa in dai ta ga Ka'aba da idonta, ko washegari a ɗauke ta ba ta da kaico. Sai dai Inna mace ce mai jiki, gwiwoyinta na ciwo, ga ciwon sukari da aka gano mata a asibiti a Ƙanƙara, aka ɗora ta kan wata farar ƙwaya kullum da safe. Lawwali ya tuna ɗawafi da Safa da Marwa, ya ga ba za ta iya da wannan nauyin ba.

Shi ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, a hannun kakarsa ma ya girma. In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa a bakin ƙofa, ita ta juya gefe, maganar ta bi ta bakin ƙanwarsa Bilki, bazawarar da take zaune da ita tun rasuwar mijinta. Inna kan ce masa "wancan". Lawwali ya san wannan kamar yadda ya san sunansa, amma bai taɓa zama ya yi tunanin abin da kunyar za ta iya ɓoyewa ba.

Ya zo da motar ofis ranar kasuwar Yankara, ya lodo cinyar sa da kwandon ƙwan zabi da katan na kifin gwangwani. Ya durƙusa a inda ya saba, ya karanta doka.

"Bilki, daga yau ba tuwo, ba koko, ba hura. Nama da ƙwai da zogale. Wata ukku kawai, kahin jirgi."

"Yaya, ƙwayar hwa? Likita ya ce ta riƙa cin abinci in ta sha."

"To nama ba abinci ba ne? Ta ci gaba da shan abinta."

Inna tana jan carbi, fuskarta na kallon bango. "Ki ce ma wancan Allah shi yi albarka," in ji ta. Lawwali ya ɗauka amincewa ce. Ita kuwa ko dutse ya ce ta tauna, abin da za ta faɗa ke nan.

Ya kuma nuna mata itatuwan ɗorawa biyu a bayan gida, ya ce ga Safa ga Marwa, kullum da hantsi ta yi zuwa da dawowa bakwai don ƙafa ta saba.

Bayan wata ɗaya ya dawo ya tarar zane ya fara yi wa Inna yawa. Murna ta kama shi. Bilki ta ja shi zaure ta ce Inna na fama da jiri, hannunta na rawa da hantsi, gumi na karyo mata ko da sanyi, ga cikinta ya ɗaure kwana huɗu, bakinta ya canza wari.

"Ita ta ce ki hwaɗa mani?"

"A'a. Cewa ta yi in na hwaɗi ba ta yahe ba."

"To kin gani. Ni ma na yi jirin nan, kitse ne ke narkewa. Kar ki kuskura ki ba ta hura a ɓoye."

Wannan maganar ita ce ta hana Lawwali sukuni har tsufansa. An kawo masa labari har zaure, ya sa ƙafa ya ture, don kawai shi ya ga amfani a jikinsa. Ya manta shi ba ya shan ƙwayar kowa, shekarunsa kuma talatin da biyar.

Saura kwana goma sha biyu a tafi Kano hawa jirgi, Inna ta sha ƙwayarta, ta ci dafaffen ƙwai ɗaya da ƙyar, ta fita wajen ɗorawoyin. A zuwa na biyar ta yanke jiki ta faɗi kan saiwa. Wata maƙwabciya, Tabita, da ke dawowa daga rafi ta gan ta, ta jiƙa furar da ke ƙullin zanenta ta ɗura mata, shi ne ta farfaɗo. Amma ƙugu ya riga ya karye.

Saƙo ya iske Lawwali a ofis. Da ya isa asibitin Ƙanƙara washegari da azahar, ya tarar da likitan tsaye kan gadonta, wani dattijo mai farin gilashi, ransa a ɓace. Ya ce ƙwayar nan aikinta sauke sukari, in aka janye hatsi gaba ɗaya aka bar ta, sai ta sauke shi har mutum ya sume, wani ma ba ya tashi. Rage tuwo ba laifi ba ne, in ji shi, da an zo an tambaya da ya rage ƙwayar, ya faɗi yadda za a yi.

"Wa ya hana ki abinci, Inna?" in ji likitan.

Lawwali yana tsaye a ƙofa. Ya buɗe baki zai yi magana, muryar Inna ta riga shi.

"Ba wanda ya hana ni. Ni na ga dama na bari, don in yi sauƙin tahiya."

Likitan ya yi mata faɗa sosai, irin wanda ake yi wa yaro, ya ce tsohuwa da hankalinta ta nemi kashe kanta. Ta yi shiru ta shanye. Lawwali ma ya yi shiru, kuma wannan shirun ya fi komai ƙona shi daga baya, don yana da baki, yana da dama, ya bar ta ta ɗauka.

Jirgi ya tashi da matan Faskari da na Sabuwa, ban da ita. Ƙugun ya ɗinke a karkace, Inna ba ta ƙara taka ƙasa ba sai da sanda da kafaɗar Bilki, daga ɗaki zuwa tsakar gida. Maganar Makka ba wanda ya sake tayar da ita a gidan.

Ranar da aka sallame ta, Lawwali ya sa aka tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, ya ɗauko kwanon da hannunsa ya ajiye a bakin ƙofa. Ya durƙusa. Duk hanya yana shirya kalmomin neman gafara, da ya zo sai suka watse, hawaye kawai ke zuba a kan rigarsa. Kwana tara ke nan bai ci abin kirki ba.

Inna ba ta waiwayo ba. Tana kwance tana kallon bango, ba wanda ya ga lokacin da ta dube shi.

"Bilki," in ji ta, "raba tuwon nan biyu. Ki ce ma wancan shi ci, ya rame."