Tocilar Da Ta Ƙi Mutuwa

Shekara goma sha tara ina yasar rijiya tsakanin Buza da Keita, rijiya ba ta taɓa cin amanata ba. Taubashina Alƙasim ne ya kusa kashe ni, da sunan gyara.

Ka'idar aikinmu guda ce. In ka sauka zurfin gaba ashirin, murya ba ta isa sama da kyau. Saboda haka masu riƙon igiya haskena suke kallo. Muddin tocila na ci, lafiya nake. In na kashe, su ja ni maza, ko da sallah suke.

Tocilata ta gwangwani ce, mai cin manyan pil biyu, wato batura. Tura makunni gaba ta kama, ja baya ta mutu. Alƙasim kuwa mai gyaran salula ne a kasuwar Buza, kuma ba ya ganin fitila ya ƙyale ta.

"Haba Illa!" in ji shi. "Wanga jan haske kamar idon mai zazzaɓi? Kawo in mayar maka da ita mutum."

Kwana biyu ya dawo da ita yana washe baki. Ya zubar da pil, ya sa batirin tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, mai caji da pannon hasken rana. Ya canza ƙwai. Ya naɗe ta da robar tayar babur, wai ko ruwa ba zai shiga ba. Makunnina ya cire, ya liƙa wani ɗan maɓalli.

"Kwana huɗu za ta yi tana ci," ya ce.

Wautata, na kunna, na ga haske fari tas, ya karɓa ya kashe, ban tambayi yadda ake kashewa ba.

Ran Laraba da hantsi munka je wata rijiya a wani ƙauye bayan Keita. Jima da Sha'aibu, abokan aikina, sunka riƙe igiya. Alƙasim ya biyo mu don ya ga aikin hannunsa.

Na kunna tocila na sauka. Guga bakwai na cika da laka, sai kaina ya fara sarawa, ƙirjina ya yi nauyi. Na san mugunyar iskar rijiya. Na danna maɓalli. Haske ya ragu. Na sake dannawa, ya koma ja. Na sake, sai ta hau ƙiftawa, fal-fal-fal! La'ilaha illallahu! Ashe sai ka danne shi ka riƙe kafin ta mutu. Wa ya gaya mini?

Na yi ihu, ni kaɗai na ji muryata. Daga baya Jima ya ba ni labarin abin da ya faru a sama. Ya ce shi ya so ya ja, Alƙasim ya riƙe masa hannu.

"Bari, gwada ta yake! Launi biyar na sa mata. Jira ku ga na biyar."

Ni ina mutuwa, shi yana ƙirga launi!

Na buga tocilar da bango, roba ta tare. Na tsoma ta cikin ruwa, 'yar banza ta ci gaba da ci. Da sauran ƙarfina na cusa ta cikin laka, na danne da cikina. Ban san lokacin da anka ja ni ba.

Na farka ƙarƙashin bagaruwa, Sha'aibu na zuba mini ruwa, Alƙasim a tsugune yana kuka kamar mai gaskiya.

"Taubashi, ka yafe mini. Na manta ban faɗa maka ba."

"Ka manta? Tashi daga gabana, Alƙasim. Yau babu wasa tsakaninmu."

Har yanzu in na tuna, raina ɓaci yake. Ruwa ya wanke lakar, tocilar ta fito tana haska ƙasan rijiya, mata na leƙawa suna salati. Kwana huɗu cur ta yi, yadda ya faɗa.

Bayan sati biyu anka kira ni wata yasa. Na ɗaura igiya a ƙugu, na zura ƙafa ɗaya, sai na tuna iskar waccan rijiya, na janye ta. Na kwance igiyar na miƙa wa Jima. Tun ranar ban sake shiga rijiya ba.