Ranar da Mai Aski Ya Danna Kan Zaki

Shekara talatin mai aski ya yi yana aske kan abokinsa Tsinke a ɗan shagonsa mai kujera ɗaya da tsagaggen madubi. Tare suka taso, tare suka sha bulalar malamin lissafi, kuma shi ne ma ya laƙa masa wannan suna saboda ramarsa. Ana nan sai tsohon sarki ya rasu, aka duba cikin 'ya'yan gidan, sarauta ta faɗa kan Tsinke, wanda dama jinin gidan ne.

Bayan wata biyu aka aiko daga fada cewa sarki na son aski, kuma ya ce ba mai taɓa kansa sai mai askinsa na da.

Murna ta kama mai aski, can kuma tsoro ya biyo baya. "To ni yanzu da wane baki zan kira shi?" ya tambayi matarsa.

Babbar 'yarsu, wadda malamar makaranta ce, ta rubuta masa a takarda: mai martaba, ranka ya daɗe, zaki, uban ƙasa. Matar ta hakimce a kan kujera ta ce ita ce sarki, ya zo ya gwada. Ya durƙusa ya jero su.

"Sake, maigida," in ji ta. "Wannan gaisuwa ko akuya ba za ta amsa ba."

Sau bakwai ya sake kafin ta ce ya ci.

Washegari sakataren fada ya shigar da shi wani ɗaki mai taushin kafet da madubi tun daga ƙasa har sama. Ga abokinsa zaune, fuska ba wasa. Mai aski ya zube ya kawo gaisuwa tiryan-tiryan, bai bar ko ɗaya ba. Sarki ya gyaɗa kai kawai.

Mai aski ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya kunna injin aski. Da hannu ya kama aikin da ya saba, sai tsoro ya gudu. Shi kuwa sarki bai daina halinsa ba, sai juye-juye yake yana yi wa sakatare magana.

"Kai Tsinke, tsaya wuri ɗaya mana, ko in yi maka titi a ƙeya!" Mai aski ya sa tafin hannu ya danna kan sarki ƙasa.

Biron sakatare ya faɗi. Mai aski ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai ya ga kafaɗun sarki na rawa a ƙarƙashin ƙyallen, kafin ka ce me dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Wata biyu ke nan ba wanda ya tsawata mini," in ji sarki yana share ido. "Kwantar da hankalinka, abokina. Waɗancan sunaye kaya ne aka aza mini. In an ce zaki, ana tuna mini in tsaya wa marar ƙarfi. In an ce uban ƙasa, to kowane ɗa nawa ne, har da mai ƙin ji. Martabar kuwa ta jama'a ce, ajiya aka ba ni."

"To, ranka ya daɗe fa?"

"Wannan addu'a ce. Ita kam ka riƙa yi mini da zuciya ɗaya. A gaban mutane ka faɗe su duka, don in ji nauyinsu. Amma a nan, yi aikinka."

Suka ƙarasa aski suna hirar duniya. Sarki ya ce ya riƙa zuwa duk bayan mako biyu.

Da mai aski ya koma gida ya ba da labari, 'yarsa ta dafe kai, matarsa kuwa ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da yamma labari ya zaga unguwa, shago ya cika maƙil, har da masu sanƙo, kowa na so hannun da ya danna kan zaki ya taɓa nasa.